Yaran Da Aka Ɗaura Wa Takarda A Riga

Yau na ɗan ajiye alƙalamin ƙagaggen labari, zan ɗauke ku mu koma Ingila ta shekarar 1939, domin akwai abin da ya faru da yaran ƙasar a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu wanda ya daɗe yana yi mini yawo a rai. Mu marubuta idan muka tashi nuna yaron da yaƙi ko tarzoma ta rutsa da shi, abin da muka fi ganewa shi ne wuta da jini da ƙarar bindiga, sai yaro ya yi ta kuka shafi bayan shafi. To amma mutanen da suka zauna da irin waɗannan yara dare da rana, suna rubuta duk wani motsinsu, sun ga cewa sau da yawa abin da ya fi karya zuciyar ƙaramin yaro shi ne ranar da aka zare hannunsa daga na mahaifiyarsa, ko da kuwa don a tsirar da ransa aka yi hakan.

Ranar 1 ga Satumba, 1939, sojojin Hitila suka afka wa ƙasar Folan. A wannan rana gwamnatin Biritaniya ta fara kwashe yara daga manyan birane irin su Landan da Libaful da Mancesta zuwa karkara, saboda an haƙiƙance da zarar yaƙi ya ɓarke jiragen Jamus za su yi wa birane ruwan bama-bamai. Cikin 'yan kwanaki aka kwashe mutum wajen miliyan ɗaya da rabi. Fiye da 800,000 daga cikinsu 'yan makaranta ne da suka tafi ba uwa ba uba, sai malamansu. Sama da rabin miliyan kuma iyaye mata ne da ƙananan 'ya'yansu, sauran masu juna biyu ne da naƙasassu da malamai. Sunan da aka raɗa wa shirin, Pied Piper, ya samo asali ne daga wata tatsuniyar Jamusawa ta wani mai sarewa da ya busa ya janye yaran gari kaf, bai kuma dawo da su ba. Ni dai har yau ina mamakin wanda ya zauna a ofis ya ga wannan suna ya dace.

Ba a tilasta wa kowa ba, amma an yi ta jan kunnen iyaye ta rediyo da takardun bango cewa duk mai ƙaunar ɗansa ya bar shi ya tafi. Yaro zai zo makaranta da safe da ɗan ƙunshin kayansa, da kwalin takunkumin kariya daga iskar guba a rataye a kafaɗa, sannan a ɗaura masa wata 'yar takarda a jikin kwat mai ɗauke da sunansa da na makarantarsa, kamar dai yadda ake yi wa kayan da za a aika a tasha. Daga nan a jera su zuwa jirgin ƙasa. Iyayen ba su san garin da za a kai su ba, yaran ma haka, sai dai an ba kowane yaro katin wasiƙa ya aiko da adireshi idan ya sauka.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne saukar. A garuruwa da dama an tara yaran ne a zauren taro ko harabar makaranta, mutanen gari suka shigo suna dubawa suna zaɓa. Manoma su ɗauki ƙosassun samari da za su taimaka a gona, matan gida su ɗauki 'yan mata masu tsabta, a bar masu ƙwarƙwata da masu yagaggen kaya da 'yan gida ɗaya da suka ƙanƙame juna suka ƙi rabuwa. Waɗanda suka rage sai jami'i ya bi da su gida-gida da daddare yana ƙwanƙwasa ƙofa. Gwamnati tana biyan mai riƙo sule goma da sisi a mako idan yaro ɗaya ne, sule takwas da sisi kan kowane yaro idan sun fi ɗaya. Da yawa daga cikin yaran nan, har suka yi furfura suna ba da labarin daren da suka tsaya suna kallo ana ɗaukar kowa ana tsallake su.

Kafin mako ya zagayo sai ga koke-koke daga ko'ina, kuma mafi yawansu a kan abu ɗaya: fitsarin kwance. Masu riƙo suka ɗauka ƙazanta ce da rashin tarbiyya irin ta 'ya'yan talakawan birni, wasu suka dinga hukunta yara a kai. Gaskiya ne akwai talauci mai tsanani a unguwannin da wasu yaran suka fito, amma da yawansu sun daɗe da daina wannan abu a gidajensu, a daren farko a gadon baƙi ya dawo musu. Wasu suka koma tsotsar yatsa, wasu suka fara ɗauke-ɗauke, wasu kuwa suka yi shiru ɗif, kuma waɗannan na ƙarshe su ne aka fi yaba wa da cewa yara ne masu hankali.

A watan Disamba na 1939 wasu likitoci uku, John Bowlby da Donald Winnicott da Emanuel Miller, suka rubuta wasiƙa a mujallar likitocin Biritaniya suna gargaɗin cewa raba yaro ɗan shekara biyu zuwa biyar da mahaifiyarsa na iya yi masa lahanin da zai bi shi har girma. A lokacin kuwa ko bam ɗaya bai faɗa Landan ba, iyaye suka ga babu dalilin wannan wahala, suka dinga zuwa suna ɗauke 'ya'yansu. Zuwa farkon 1940 mutum wajen 900,000 sun koma gida. Sai kuma ranar 7 ga Satumba, 1940, abin da ake tsoro ya iso. Jiragen Jamus suka yi kusan wata biyu suna jefa wa Landan bam kusan kowane dare, aka ci gaba har watan Mayun 1941, fararen hula fiye da 40,000 suka mutu a faɗin ƙasar. Aka sake kwashe yara, wasunsu karo na biyu, zuwa wasu sababbin gidaje.

A nan ne wata mata mai suna Anna Freud ta shigo labarin. Ita ce autar Sigmund Freud, mashahurin masanin halayyar ɗan Adam. Bayahudiya ce 'yar Ostiriya, ita kanta gudun hijira ya kawo ta Landan tare da mahaifinta a 1938. Ita da ƙawarta Ba'amurkiya, Dorothy Burlingham, suka buɗe gidajen reno a unguwar Hampstead a farkon 1941, da tallafin wata ƙungiyar agaji ta Amurka, domin yaran da bam ya rushe gidajensu, da waɗanda suka yi watanni suna kwana a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa. Daga baya suka ƙara wani gidan a karkarar Essex. Yara wajen 190 ne suka zauna a hannunsu kafin yaƙin ya ƙare. Abin da ya bambanta wannan gida da sauran shi ne kowace ma'aikaciya tana rubuta abin da ta ga yaro ya yi ko ya faɗa a kan 'yan katuna, komai ƙanƙantarsa. Daga waɗannan katuna littafinsu mai suna War and Children ya fito a 1943.

Abin da suka gani ya ba mutane mamaki. Yaron da bam ya faɗa kusa da shi yana jikin mahaifiyarsa, idan ita uwar ta dake, yakan ba da labarin abin kamar wani hatsarin mota da ya gani a titi, ya koma wasansa. Idan uwar mai firgita ce, da jiniya ta kaɗa ta fara karkarwa, shi ma haka zai yi, domin ƙaramin yaro fuskar uwarsa yake kallo ya san ko akwai abin tsoro. Amma yaron da aka raba da uwa farat ɗaya, ko da an kai shi inda babu bam ko ɗaya, shi ne yake ƙin abinci, ya ƙi barci, ya manta maganar da ya riga ya iya.

Akwai wani yaro da suka kira Patrick a rubutunsu, ɗan shekara uku da 'yan watanni. Da mahaifiyarsa za ta tafi ta bar shi, sai ta ce masa ya zama yaron kirki, kada ya yi kuka, in ba haka ba ba za ta zo ganinsa ba. Yaro ya riƙe alkawari, bai yi kuka ba. Maimakon haka sai ya dinga gyaɗa kai yana gaya wa duk wanda ya kalle shi cewa mamansa za ta zo, za ta sa masa kwat, za ta tafi da shi gida. Kullum maganar ke nan, yana ƙara lissafa kayan da za ta sa masa ɗaya bayan ɗaya. Da wani ya gaji ya ce masa ya daina maimaita wannan magana, sai ya sake yin biyayya, ya daina furtawa. Ya koma lungu ya tsaya shi kaɗai, leɓɓansa suna motsi ba sauti, hannuwansa suna kwaikwayon yadda ake sa kwat da hula, sauran yara suna can suna wasa. Babu irin lallashin da ba a yi ba, bai yi amfani ba. Da aka samu uwar ta zo tana kwana tare da shi a gidan, sai abin ya sake shi.

Ku duba fa, duk wanda ya leƙo ɗakin nan zai ce ga yaro mai haƙuri. Idan da ni na ƙirƙiri Patrick a littafi, na san akwai mai karatun da zai ce mini ai labarin bai ba da tausayi ba tunda yaron bai zubar da hawaye ba.

Wani kuma, Bertie, ɗan shekara huɗu, bam ne ya kashe mahaifinsa, mahaifiyarsa ta samu taɓin hankali aka kwantar da ita a asibiti. Shi wasansa kullum ɗaya ne: ya gina gidaje da takarda, ya dinga sako musu 'yan ƙwallayen gilashi daga sama a matsayin bam. Sauran yara ma suna wasan bam, amma su daɗinsa a wajensu shi ne rugujewar. A wasan Bertie kuwa, kullum sai an ceto kowa da kowa a kan lokaci, ba wanda yake mutuwa. Ya shafe watanni yana wannan kafin bakinsa ya iya faɗin cewa an kashe mahaifinsa, kuma bayan ya faɗa ne wasan ya tsaya.

Saboda irin waɗannan, Anna Freud ta ɗauki matakin da gidajen marayu na zamanin ba su saba da shi ba. Ta buɗe ƙofa, iyaye su zo duk lokacin da suka samu dama, dare ko rana. Wasu iyaye mata ta ba su aiki a kicin da wajen wanki don su kasance kusa da 'ya'yansu. A 1942 kuma aka raba yaran gida-gida, kamar huɗu-huɗu, kowane rukuni da ma'aikaciya ɗaya da za ta zame musu uwa, ita kaɗai ke yi musu wanka ta sa musu kaya. Hausawa sun ce rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. Da farko gidan ya rikice, yaran da a da ba ruwansu da kowa suka koma kishi da kuka da faɗa, kowa yana cewa tasa ce shi kaɗai, idan ta fita ɗaki ya ɗauki ihu. Bayan 'yan makonni ƙura ta lafa, sai ga masu fitsarin kwance suna dainawa, waɗanda bakinsu ya yi nauyi suna magana. Wato rigimar nan da ta dami ma'aikata ita ce alamar sauƙi.

Mai karatu zai iya cewa ai mu ma muna da riƙo, muna kai yaro yaye gidan kaka, ba mu ga ya lalace ba. Haka ne. Amma a riƙon da ya yi kyau, yaro ya san gwaggon nan ko kakar nan tun yana goye, harshensu ɗaya, tuwonsu ɗaya, kuma ana zuwa ana dawowa. Su ma Turawan sun lura da wannan. Binciken da Susan Isaacs ta jagoranta a kan yaran da aka kai Kambirij, wanda ya fito a 1941, ya nuna waɗanda suke tare da 'yan uwansu sun fi saurin sabawa. Wanda ya fi kama da yaran Ingilan nan a wajenmu shi ne yaron da rikicin Boko Haram ko na 'yan bindiga ya raba da iyayensa a dare ɗaya, ya wayi gari a sansani ko a hannun mutanen da bai taɓa gani ba. Shi ko takardar suna ba a ɗaura masa ba.

Kada kuma a ɗauka iyayen da suka sa 'ya'yansu a jirgi sun yi wauta. Yara fiye da 7,000 bama-bamai suka kashe a Biritaniya a wannan yaƙi. Ranar 20 ga Janairu, 1943, jirgi ya jefa bam da tsakar rana a wata makaranta a unguwar Catford ta Landan, yara 38 da malamai 6 suka rasu. Ranar 3 ga Maris na shekarar, mutum 173 suka mutu a turmutsitsin shiga maɓoyar tashar Bethnal Green, 62 daga cikinsu yara ne. Waɗanda suka nemi tura 'ya'yansu ƙetare ma ba su tsira ba, domin a Satumbar 1940 Jamusawa suka nutsar da jirgin ruwan City of Benares a hanyar Kanada, yara 77 cikin 90 na shirin gwamnati suka halaka. Gaba kura ce, baya sayaki. A ganina ma Anna Freud ta ɗan rage wa bam ɗin nauyinsa, domin yaran da ta fi lura da su ƙanana ne ƙwarai, waɗanda ba su gama sanin mece ce mutuwa ba. Ɗan shekara goma da ya ga an zaƙulo maƙwabcinsa daga ƙarƙashin gini, natsuwar uwa kaɗai ba za ta goge masa wannan hoto ba. Haka nan cikin manyan yaran da aka kwashe akwai da yawa da suka dace da mutanen kirki, suka ƙoshi, suka ga saniya da teku karo na farko, suka riƙe zumunci da masu riƙonsu har mutuwa. Akwai kuma waɗanda aka bautar, aka ci zarafinsu, ba su da wanda za su gaya wa.

Da yaƙi ya ƙare a 1945 aka kawo wa su Anna Freud wasu yara shida, maza uku mata uku, dukkansu tsakanin shekara uku zuwa huɗu. Marayun Yahudawa ne da aka samu a sansanin Theresienstadt a Cekoslobakiya ta wancan lokaci, an kashe iyayensu tun suna jarirai, sun tashi tare a ɗakin yaran da ba su da uwa. Aka sauke su a wani gida mai suna Bulldogs Bank a yankin Sussex, ƙarƙashin kulawar wasu 'yan uwa biyu, Sophie da Gertrud Dann. A kwanakin farko sun farfasa kayan wasa, suna cizon manya suna tofa musu yawu suna zaginsu. Amma a tsakaninsu, abin sai wanda ya gani. Ba sa yarda a raba su ko na ɗan lokaci. Idan za a fita yawo ɗaya ya ce ba ya zuwa, an fasa ke nan. A wajen cin abinci kowa ya fi damuwa da a zuba wa na kusa da shi, kuma babu hassada da kai ƙara irin ta 'yan gida ɗaya. Yaran da ba su san uwa ba sun mayar da junansu uwa. Sai da aka ɗauki lokaci kafin su fara yarda da manya, su fara kishi a kansu kamar kowane yaro.

Su kuwa yaran Ingila da aka kwashe, komawa gida ta zame wa wasunsu rabuwa ta biyu. Wanda ya tafi yana ɗan shekara biyar ya dawo yana ɗan sha ɗaya, ya tarar da ƙannen da bai sani ba, da uban da ya dawo daga fagen daga kamar baƙo, da uwar da ke jiran ya rungume ta shi kuwa zuciyarsa tana wajen matar da ta riƙe shi. Wasu yaran Libaful da aka kai arewacin Wales sun dawo da harshen can a bakinsu. Ba wanda ya zaunar da su ya tambaye su komai, domin an ci yaƙi, kowa ya rufe babin.

Ilimin da aka samu dai bai tafi a banza ba. Bowlby ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a 1951 a kan muhimmancin kulawar uwa ga lafiyar ƙwaƙwalwar yaro. James Robertson, wanda ya yi aiki a gidan renon Hampstead, ya ɗauki wani fim a 1952 na wata yarinya 'yar shekara biyu da aka kwantar a asibiti ba tare da mahaifiyarta ba, ya nuna yadda take kuka, sannan ta yi sanyi. A wancan zamani asibitocin Ingila da yawa ɗan taƙaitaccen lokaci suke ba iyaye su ga yaro, wai don kada a tayar masa da hankali. A 1959 wani kwamitin gwamnati ya ba da shawarar a bar iyaye su ziyarci 'ya'yansu ba ƙayyadewa, a kuma bar uwa ta kwana da ƙaramin ɗanta.

Da yaran 1939 suka tsufa, masu bincike suka koma kansu. A 2009 James Rusby da Fiona Tasker suka fitar da sakamakon tambayoyin da suka yi wa tsofaffi fiye da 800, suka ga waɗanda aka kwashe suna da shekara huɗu zuwa shida, da waɗanda suka faɗa hannun masu riƙon banza, sun fi fama da ciwon damuwa da fargaba a rayuwarsu.

Shaida mafi ƙarfi kuwa daga Finlan ta fito, ƙasar da ta tura yara wajen 70,000 zuwa maƙwabta, akasari Suwidin, lokacin da take yaƙi da Tarayyar Sobiyet, su ma da takardar suna a rataye, zuwa gidajen da yawancin yaran ba sa jin harshensu. Dubbai ba su dawo ba har abada. Da yake ƙasar tana adana bayanan asibiti na kowane ɗan ƙasa, Torsten Santavirta da abokan aikinsa suka kwatanta waɗanda aka tura da 'yan uwansu na ciki ɗaya da suka zauna a gida cikin yaƙin. A 2015 suka bayyana cewa matan da aka tura suna yara sun fi 'yan uwansu mata da aka bari yawan kwanciya a asibiti saboda ciwon damuwa mai tsanani, alhali a ɓangaren maza ba a ga irin wannan ƙari ba. A ƙarshen 2017 suka sake fitar da wani sakamakon, wannan karon a kan 'ya'yan da waɗannan mutane suka haifa bayan yaƙi. 'Ya'ya mata na matan da aka tura, su da ba su taɓa jin ƙarar bam ba, sun ninka 'ya'yan 'yan uwan iyayensu mata da suka zauna a gida fiye da sau huɗu wajen haɗarin kwanciya a asibiti saboda wannan ciwo.